Kusurwoyin Bargon Disebo

Mme Ntswaki ta ɗora rula a kan ƙyallen, ta ɗaga, ta sake ɗorawa. Kusurwoyin ba su haɗu ba. Ta bi layin ɗinkin da babban yatsa, ta ji ya karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya.

Duk shekara, in sanyi ya shigo, ita da ƙawayenta masu ɗinki sukan kama ɗakuna a wata gona kusa da garin Clarens na Afirka ta Kudu, su kwana biyu suna haɗa bargo. Bana sun zo babu Disebo, wadda suka binne kafin bikin Ista. Bisa al'adarsu, bargon bana da tufafinta za a yi shi, a kai wa 'yarta. An yanka rigunanta na atamfar seshweshwe, shuɗi da ruwan ƙasa, an raba wa kowa nata kason, ta haɗa guntaye su zama murabba'ai. Ƙyallen da ya lalace ba shi da madadi, domin mai rigunan ba za ta ƙara ɗinka wata ba.

Ga shi kuwa murabba'an da aka kafe a bango a layin Mme Ntswaki duk a karkace suke. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi, wadda ba ta taɓa barin yaro ya ja layi babu rula ba. Barguna nawa aka rataye a wajen baje koli, mutane suna tsayawa a gefen da ta ɗinka suna gyaɗa kai? Wannan ba kuskure ba ne, cin mutunci ne.

Ba ta sha wahalar gano mai laifi ba. Tsarinsu a bayyane yake: ka ɗinka, ka jefa a kwando, mai guga ta kwashe zuwa ɗakin baya ta danne, sannan a kafe a bango. Ita dai ba ta duba aikinta in ta gama, don babu mai yi wa malama maki. Da can Disebo ce mai guga, uwar jinkiri, wadda za ta shiga da ƙyalle ɗaya ta daɗe har shayi ya huce, Mme Ntswaki tana yi mata faɗa ta ƙofa. Bana an ba Puleng gugar, sabuwar shiga, ma'aikaciyar jinya mai rawar jiki, wadda ke shiga ta fito kafin a zura zare a allura. To ina aka taɓa yin aikin kirki da gaggawa? Yarinyar ta ɓata nata, ta ji kunya, ta musanya da na gwana.

Ta jira har aka zauna karin safe, an kawo makwenya, fanken can, da zafinsu. Ta tura kofinta gefe, ta shimfiɗa murabba'an a tsakiyar tebur.

"Abu uku nake nema," in ji ta. "A dawo min da nawa. A nemi gafarar mamaciya da aka ɓata wa tufafi. Wadda ta yi kuma ta haɗa keken ɗinkinta ta koma gida yau."

Babu wadda ta kai hannu faranti. Limakatso, wadda ba a raba ta da barkwanci, ta gwada sa'arta.

"Haba Mme, bargo ai rufa ake yi da shi, ba jarrabawa zai zauna ba."

"Ke dama da ƙyar kika ci taki jarrabawar, 'yar'uwa. Bari manya su yi magana."

Puleng ta sunkuyar da kai. Ta ce ita dai abin da ta tarar a kwando shi ta goge, shi ta kafe. Muryarta na rawa, kuma Mme Ntswaki ta san wannan rawar, ta sha jin ta a gaban allo.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne sauran. Mata masu furfura, waɗanda suka san hannunta tun ba yau ba, sai kallon juna suke yi, wannan ta dubi taga, waccan ta hau gyaran ɗankwali. Ko jiya da ta ce fitilun gonar nan sun dushe, kafar allurar zamani kuma ta ƙanƙance, haka suka yi mata shiru, ɗaya ta karɓa ta zura mata zaren. An fara yi mata kallon tsohuwa mai mita, alhali gaskiya take nema.

"In ba za ta tafi ba, ni zan tafi," in ji ta. "Kuma 'yar Disebo za ta ji dalili daga bakina."

Puleng ta miƙe ba musu. Ta je ta zare wayar kekenta daga bango, ta fara naɗe ta a hannu. Hawaye ya ɗiga a kan murfin keken, ta share da gefen riga.

"Ajiye wayar nan, 'yata." Nkgono Mamokete ce, babbarsu, kakar kowa. Ta dafa tebur ta tashi, ta zagayo, ta zauna kusa da Mme Ntswaki a kujerar Disebo, wadda kowa ya bari babu kowa tun isowarsu. Ta kama hannunta ta riƙe.

"Na yi wa Disebo alkawari ba zan faɗa ba, amma ba zan bari a kori marar laifi ba. Ɗinkinki ne, ƙanwata, haka yake fitowa tun da idonki ya fara rauni. Ba jinkiri Disebo take yi a ɗakin guga ba, naki take warwarewa tana sake ɗinkewa."