Wanda Ya Shaƙe Direba a Kashi na Tara

An hana Sallau Tela shiga motar Gusau ranar Asabar da safe, ranar ɗaurin auren 'yarsa. Kyamarar ƙofar tasha ta ga fuskarsa, ta kunna jar fitila, ƙofa ta ƙi buɗewa.

Bara ya fito sau ɗaya tak a wani shirin 'yan sanda na talabijin, inda ya shaƙe direba. Tun da aka haɗa kyamarorin gari da tashoshin talabijin, duk wanda ya yi laifi a fim sai an kama shi a fim kafin ƙofofi su sake shi.

"Baba, na san wasa ne," in ji Lantana mai tsaron ƙofar. "Amma ba a kama ka ba."

"Wa zai kama ni? Wanda yake fitowa a matsayin sufeto ya yi faɗa da darakta ya bar shirin! Ni na kore shi? Wanda na kashe ɗin ma jiya muka ci tuwo tare!"

"Sai ka jira zangon shirin na gaba."

"Ƙarfe biyu za a ɗaura, 'yar nan!"

Motar ta tashi ta bar shi rungume da ƙullin goro. Masu shirin sun ce har yanzu ba su sami sabon sufeto ba.