Allurar Kunama

Kadidia ta daina kuka, sai kumfa ke fita daga bakinta. Kunama ce ta harbe ta da hantsi.

Uwarta Tabawa ta hau soro tana duban hanyar ƙauyen Azel. Mijinta Illo, anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, can ya tafi da allurar kunama a jakarsa, bai san abin da ake ciki ba.

Ga motonsa, wato babur ɗinsa, can nesa, yana tahowa sannu-sannu kamar jaki.

"Ikon Allah, yau Illo ne haka?" in ji maƙwabciya. "Shi da ke cewa gudu ba ya kisa sai kwana ya ƙare?"

Tabawa ta ƙura wa hanyar ido. Jiya ita ta ɗauko Alƙur'ani, ta sa shi ya rantse ba zai ƙara gudu ba.