Haƙoran Gwaggo Tasalla Shida

Tun da aka kafa dokar liƙe haƙora, ba a sayar wa kowa sukari sai mai kanti ya haska bakinsa. Haƙorin da aka liƙe da gam ɗin hana ruɓewa yakan yi shuɗi a hasken fitila; in ba shuɗi, ba sukari.

Gwaggo Tasalla ta buɗe baki a kantin Sallau. Babu shuɗi ko ɗigo.

"Gwaggo, ya sake ɓantalewa," in ji Sallau.

"Shekaranjiya fa aka liƙa mini! Karo na huɗu ke nan."

"An ce gam ɗin ba ya kama haƙorin da ya sha goro."

"Wanda ya haɗa shi bai taɓa leƙa bakinmu ba ne? Shekara hamsin ina cin goro, haƙorana shida ba wanda ya taɓa ciwo!"

Sai ga maƙwabcinta, Malam Tanimu. Ya wangale baki, dasashi zalla. Sallau ya miƙa masa ƙulli biyu, ko fitila bai kunna ba.

Gwaggo ta bi sukarin da kallo. Ta shafi haƙoranta da harshe, ɗaya bayan ɗaya.

"Sallau, wanzamin nan na bakin kasuwa, har yanzu yana cire haƙori?"