Ɗaya ga Janairu

Sharifu ya danna maɓalli a gaban shugabannin manoma a Magariya, sunaye dubu tara suka ɓace daga allon kwamfuta.

"Duk na bogi ne," in ji shi. "Suna ɗaya, ƙauye ɗaya, ranar haihuwa ɗaya. Bana babu mai karɓar irin gero sau huɗu."

Aka tafa masa. Wata shida ya kwashe yana gina manhajar nan, wadda in ka taɓa ƙauye a taswira sai manomansa su bayyana.

Dattijo Barau, ɗan ƙauyen su Sharifu, bai tafa ba. "Ɗana, taɓa namu. Nemo Tani Musa."

"Saura ɗaya, Baba, innata. Na share ukun."

"Su huɗun duk na san su. Mu da aka haifa babu takarda, ɗaya ga Janairu ake rubuta mana. Buɗe hoton."

Sharifu ya buɗe. Ba innarsa ba ce.

"Wannan Tanin bakin rijiya ce, bara ta rasu," in ji Barau, yana laluben aljihu. "Innarka tana cikin na bogin. Ungo, ta aiko maka da ƙuli-ƙuli."