Tsagar Mai Tsire

Da mai tsiren unguwar Briqueterie ya ajiye wata takarda a teburina, nan take na gane ta. Rahoton ciwonsa ne, wanda na wallafa da yardarsa a mujallar likitoci da kowa ke iya karantawa kyauta. A hotonsa da ke ciki na rufe idanunsa da baƙin layi, na manta da tsagar kumatunsa. Duk unguwa ta gane shi.

"Baba, yi haƙuri, zan sa a cire."

"A cire? Dokta, da hannuna na liƙa shi a rumfata!"

Ya ɗaga labule. Mutum huɗu na zaune a benci, kowa da irin kumburin wuyan da na yi masa magani.

"Tun zuwan korona suke gudun asibiti. Sun ga hoton, sun dubi wuyana, suka biyo ni."