Facin Atamfa a Bayan Kura

Tana kan keken ɗinki ta ji ihu: kurar masu wasa ta kuɓuce a kasuwar Gwarzo, maharba sun bazama gonaki.

Ta miƙe zumbur. Ɗazun nan ɗanta ya sa rigar kurar da ta ɗinka masa don rawar makaranta, ya shige gonar dawa yana fushi, don da yadin bai isa ba, ta cike bayan rigar da tsohuwar atamfarta mai furanni.

Ta fita ba mayafi tana ƙwala masa kira. Bindiga ta tashi. Ta ruga inda ƙarar ta fito.

Can sai ga wani tsohon maharbi rungume da yaron.

"Har na saita, Hajiya. Furanni na hango a gadon bayan kurar, na ɗaga bakin bindigar sama."