Ƙodar da Ta Je Jana'iza

Tana kwance, injin wankin ƙoda na jan jininta. Saurayinta na tsaye a bayan taga da takunkumi, ya kasa ɗago ido.

Tun shigowar annoba aka dakatar da dashen ƙoda. Da ƙyar aka sa musu gobe, bisa sharaɗin ya killace kansa, tunda shi zai ba ta tasa. Yau gwaji ya nuna ya kamu.

Ta waya ya ce, "Aminina ne ya rasu. Ya zan ƙi zuwa?"

"Ƙodar da ka ce ka ba ni ka kai cikin taro."

Ya ɗora tafinsa a gilashin. Ta daɗe tana kallonsa, ba ta ɗaga hannu ba.

"Je ka warke. Wallahi in ka mutu da ita, ban yafe ba."